Bakwaini a Bayan Gilashi

"Kada ka kuskura ka kunna fulash," in ji nas ɗin, ta tsaya wa mai hoto a ka. "Ka yi abin da za ka yi, labule zan ja."

Ya gyara riƙon kyamararsa. Ƙanwarsa na can ƙasa, jini ya ƙi tsayawa, ana shirin mayar da ita tiyata. Tun da aka ciro mata 'yar bakwaini aka sa a kwalba ba ta sa ta a ido ba. Abu ɗaya ta roƙe shi: "Yaya, ka nuna min ita kafin su shigar da ni."

To ga kwalbar can, amma gilashin tagar ɗakin ya yi masa tsaye. Duk abin da ya ɗauka, ba ya ganin komai sai hasken rana na baranda da ƙaton goshinsa.

Ya laluba jaka ya ɗauro filta, wani ɗan gilashi mai kashe ƙyalli, a bakin kyamara. Ya san sirrinta sarai: hasken da ya bugi gilashi ya dawo, duk kwanciya yake yi gefe guda, ita kuwa filta kamar tsagar ƙyaure take, in ka murɗa ta ta saɓa masa, ba shi da hanyar wucewa. Ya murɗa. Babu abin da ya canza. Ya sake murɗawa, gumi ya karyo masa.

"Malam, an gama?" in ji nas ɗin.

Kash! Shi da ya tsufa yana ce wa masu zuwa hoto su fuskanto shi sosai, ashe shi ma ya zo ya fuskanci gilashi ɗoɗar. Filta ba ta cin ƙyalli gaba da gaba, sai an tsaya a karkace. Ya ja gefe har kafaɗarsa ta bugi bango, ya murɗa a hankali. Ƙyallin ya narke, sai ga 'yar abu jajir, da robar iska a hanci.

Amma filta cin haske gare ta, ɗakin kuma dishi-dishi, motsi kaɗan zai ɓata hoton. Tsoro ya kama shi. Ya jingina da bango, ya riƙe numfashi, ya danna, ya ƙara dannawa. Labule ya rufe.

Da gudu ya sauka. A bakin ƙofar tiyata ya cim musu, ya riƙe gadon da ake turawa, ya kai mata kyamarar saitin fuska.

Ta daɗe tana kallo. "Yaya, ba ta motsi. Don Allah kada ka ɓoye min, da rai ka bar ta?"

Shi ƙyalli ya tsaya yaƙa, bai lura ba. Ya matsa hoto na gaba. A na farko hannun jaririyar a dunƙule yake, a na biyu ta buɗe yatsu. Ya koma baya, ya dawo, ya sake komawa, tana kallon yatsun na buɗewa suna rufewa.

"Ku tura ni," in ji ta.