Ƙaramin Mataci a Hanyar Horo Birni

A bazarar shekarar 1983, lokacin da ko sabulu sai an yi masa layi, baƙon dauro ya sauka a Horo Birni ya shiga ɗibar yara. Cikin kwana tara an binne huɗu a unguwa ɗaya, na ƙarshensu ɗan maƙwabcin Sodangi ne, katanga kawai ta raba gidajensu. A bayan katangar nan kuwa akwai Safinatu matarsa, da 'yarsu Zulai mai wata goma, wadda suka samu bayan shekara shida suna jira. Ba a taɓa yi wa yarinyar allurar rigakafi ba, domin rabon da allurar ta zo yankin tun kafin a haife ta.

Sodangi shi ne direban motar asibitin Shagari, wata farar mota da wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta bayar. Injinta na gas ne, kuma yana da turbo, wata 'yar fanka da ke cusa wa inji iska har motar ta riƙa fito kamar tsuntsu idan ta ɗauki gudu. Da labari ya zo cewa an samu allurar a Sakkwato, ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ranar jajibirin tafiya da la'asar ya wanke motar, ya duba ruwa da mai, sannan ya zare matacin iska ya gan shi baƙi ƙirin. Sai ya yi abin da maigidansa ya koya masa tun zamanin tsohuwar Landiroba, ya wanke shi tas da kananzir, ya tsoma shi cikin baƙin mai, ya mayar. Har ya yi murmushi, yana ganin ya kyauta wa motar.

Da sassafe suka isa Sakkwato shi da Malama Ummulkhairi, jami'ar lafiyar da aka turo daga Gusau. Aka ba su kwalabe a cikin akwatin sanyi. Mai ajiyar ya faɗa musu gaskiya, cewa wuta ta yi kwana biyu tana ɗaukewa, ƙanƙarar ba ta daskare yadda ya kamata ba, in ta kai azahar sun gode Allah. In kuwa ruwan allurar ya ɗumama, to ba shi da maraba da ruwan rijiya.

Tun a hanyar zuwa motar take nauyi, Sodangi ya ɗauka man gas ne mara kyau. A dawowa, kafin su kai Bodinga, ta fara fitar da baƙin hayaƙi, ƙarfinta yana zubewa, duk yadda ya taka sai ta yi gurnani kamar wadda aka shaƙe. Da ƙyar ya gangara da ita gindin wata bishiyar bedi, inda Bala makanike yake aiki. Bala dattijo ne, abokin marigayi maigidan Sodangi, shi ya sa Sodangi yake kiransa Kawu.

Bala ya buɗe bonet, ya kwance ɗan gwangwanin da matacin ke ciki, ya zaro shi da yatsu biyu. Ya lanƙwashe, ya manne, yana ɗigar da mai.

"Wa yay yi ma wanga abu wanka?"

"Ni na, Kawu."

"Har da shafa mai? Amarya ta, za ka kai ta ɗaki?" Bala ya juya shi a rana. "Takarda ta, Sodangi. Na Landiroba waya na, shi aka wankewa. Ina ka taɓa ganin an wanke takarda ta sake moruwa?"

Wasu direbobi biyu da ke zaune kan benci suka yi dariya. Sodangi bai ji su ba. Idonsa na kan akwatin sanyin da Malama ta rungume a kujerar baya, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ƙarfe goma da rabi ta wuce.

Ya roƙi Bala ya sa masa sabo, ko nawa ne. Bala ya ce ba maganar kuɗi ba ce. Tun da aka tsuke shigo da kaya, irin wannan matacin ko a Sakkwato babu, mai neman sa sai Kaduna, can ma sai an dace. Sodangi ya tambayi direbobin ko akwai mai zuwa Shagari, suka ce su ma jiran mai suke tun jiya, tankunansu a bushe. Babu abin da ke wucewa a titin sai jakuna da buhunan albasa.

Bala ya shiga rumfarsa ya fito da abin da yake da shi, ya jera a kan tabarma. Akwai wani faffaɗa na ƙaramar mota mai fetur, sabo a ledarsa, amma faɗinsa ya kai faifai, gurbin da ke cikin motar kuwa bai fi tafin hannu biyu ba, an matse shi tsakanin batir da turbo. Akwai wani dogo na tipa, wanda ko bonet ba zai rufu a kansa ba. Sodangi ya ɗauki faffaɗan ya gwada ta gefe, ya gwada ta kwance, ya ce a yanke shi. Bala ya ce in aka yanke, ta nan yashi zai shiga, gara ma babu. Sodangi ya ce to a ɗaura shi a waje, a ja masa tiyo. Bala ya ce ba shi da tiyo mai wannan faɗin, kuma kafin ya haɗa ɗaya azahar ta yi.

Sodangi ya durƙusa a gaban tabarmar. Fuskar Safinatu ce ta faɗo masa, yadda ta tsaya a bakin zaure da asuba, goye da Zulai, ta gyara masa wuyan riga. Shekara shida tana jin maganganun dangi, ba ta taɓa yin kuka a gabansa ba. Yanzu da hannunsa, da kananzir ɗinsa, ya tsayar da motar da ke ɗauke da maganin 'yarta.

"Kawu," ya ce, "ɗiyata na can. Ka yi min dabara ko wace iri ta."

Bala ya daina zolaya. Ya kalli wani injin ban-ruwa da wani manomin albasa daga Dingyadi ya kawo gyara. Ya je ya kwance matacinsa, wani ɗan ƙarami kamar gwangwanin madara, ya hura shi, ya ɗaga shi a rana ya ga haske na ratsawa. Ya ce wannan zai shiga, amma Sodangi ya saurara da kyau. An yi shi ne don inji mai numfashin akuya, motar nan kuwa numfashin raƙumi gare ta. Muddin ya bar turbo ya fara fito, zai zuƙe takardar ta manne, su koma inda suke. Kada allurar agogon gudun mota ta wuce talatin.

Malama Ummulkhairi ta leƙo ta taga ta tambayi awa nawa ke nan. Bala ya ce zuwa Shagari kan kwalta kusan awa ɗaya, daga nan kuma hanyar Horo Birni yashi ce, Allah kaɗai ya sani. Ta ɗaga murfin akwatin kaɗan, ta rufe da sauri. Sodangi ya tambaya, in ya tafi babu mataci fa gaba ɗaya? Bala ya ce a kan kwalta wataƙila ya tsira, amma a hanyar yashi fankar za ta haɗiyi tsakuwa ta ci kanta, injin ya bi ta, kuma babu wanda zai gyara shi a ƙasar nan bana. Sodangi ya san abin da za a yi wa direban da ya kashe motar asibiti ɗaya tilo.

Ya zaɓi ƙaramin. Bala ya naɗe bakinsa da robar tsohuwar tayar keke, ya ɗaure da waya, ya ce zai ji da mai injin. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata suka hau titi.

Wannan tafiya ta tsufar da Sodangi. Motar da ta saba cinye hanyar nan kafin a gama cin goro ɗaya, ga ta tana rarrafe, har wani mai babur ya wuce su yana waiwaye. Duk sanda ƙafarsa ta nutsa ya ji fiton ya fara tasowa, sai ya janye ta kamar ya taka garwashi. Rana ta take tsaka. Malama tana ta yayyafa wa buhun ruwa daga buta, har butar ta ƙare. Suka ratsa Shagari ba su tsaya ba, masu shago suna ɗaga musu hannu.

Da suka sauka daga kwalta, yashi ya kama tayoyin. Yashi kuwa ƙarfi yake so, in ba a taka ba mota ta nutse. Ya taka, turbo ya yi fito, sai injin ya shaƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ya sauka ya buɗe bonet. Ɗan matacin ya tsotse ya lotsa ciki, kamar yadda Bala ya faɗa. Daga wani ƙauye can nesa aka fara kiran sallar azahar.

"Malama, ƙanƙarar fa?"

"Saura kamar dunƙulen hannuna. Tana iyo cikin ruwa."

"Za ta kai awa?"

"Ba za ta kai ba, Malam Sodangi."

Ya tsaya da filaya a hannu. Saura mil shida. Ya yi bisimilla, ya datse wayar, ya zare matacin ya ajiye a kan kujera, ya bar bakin bututun a buɗe. Malama ta ce ya san abin da yake yi kuwa? Ya ce ya sani, ta riƙe akwatin da kyau.

Motar ta zabura kamar an kwance mata dabaibayi. Ta keta yashin tana watsa shi gefe da gefe, ta ratsa ta tsakiyar wani garken shanu da ya tayar da jar ƙasa har ba a ganin gaba. Sodangi yana jin lokacin da fiton ya fara sauya murya, ya koma ƙara mai kaifi, sannan ya zama kamar ana niƙa tsakuwa. Hawaye na zubo masa, bai ɗaga ƙafarsa ba. Da rumbunan Horo Birni suka bayyana, wani abu ya fashe a ƙarƙashin bonet, farin hayaƙi ya tashi, motar ta gangara kaɗan ta tsaya.

Ya fizgi akwatin ya ɗora a ka, ya sheƙa da gudu cikin yashi mai ƙuna, takalminsa ɗaya ya fita bai waiwaya ba, Malama na biye da shi da jakar allurai. A ƙofar makarantar firamare mata sun cika inuwar dalbejiya tun hantsi, kowace da goyonta. Ya dire akwatin a kan teburin malami. Malama ta iso tana haki, ta buɗe, ta tsoma hannu, ta fito da guntun ƙanƙara bai fi ƙwan zabo ba. Ta ɗora kwalba ɗaya a kumatunta ta ce da sanyinta, a jera yaran.

Safinatu ce ta goma sha ɗaya a layi, Sodangi bai ce a tsallake da ita ba. Da aka zo kansu, Malama ta taɓa goshin Zulai, ta buɗe bakinta ta duba, ta leƙa bayan kunnenta, ta ce fes take. Allurar ta shiga, yarinyar ta tsala ihu. Sodangi ya zauna a ƙasa a gindin tebur, ya ga tafin ƙafarsa ya saluɓe. Safinatu ta tambaye shi ina motar, ya nuna mata can bakin gari, inda hayaƙin bai gama lafawa ba.