Kyamarar Gunadi da Injin Kwakwa

A shekarun da fim bai bar kasuwa ba tukuna, Gunadi ne ke ɗaukar hoton zannuwan batik, waɗanda ake yi wa ado da kaki kafin a rina, a garin Pekalongan. Ɗakin aikinsa na saman bene, daɓen katako, a ƙasa kuma Bu Sulastri ce ke gurza wa masu abinci kwakwa da inji tun asuba.

Ƙungiyar masu rini ce ta kawo masa wata sabuwar na'ura, don masu saye daga ƙetare sun fara neman hoto a kwamfuta. Kyamarar dai tsohuwar tasa ce, babba mai kusurwa huɗu. Gidan fim kawai aka zare daga bayanta aka maƙala wani baƙin akwati mai waya har kwamfuta. A cikin akwatin akwai ido siriri da ke rarrafe daga sama zuwa ƙasa, yana karanta zane layi-layi. Kafin ya gama, mutum ya sha shayi har ya wanke kofi. Sharaɗinsa ɗaya: kada komai ya motsa.

Hoton farko ya fito, Gunadi ya riƙe baki. Tsuntsayen da ke jikin zanen duk sun karkace kamar an hango su cikin ruwa. Ya ɗaure ƙafafun kyamara, ya sake ɗauka, haka dai. Sai da ya cire takalmi ya tsaya shiru ya ji daɓen na kakkarwa a tafin ƙafarsa. Ya sauka ƙasa.

"Bu, don Allah a ɗan kashe injin nan."

"A kashe? Mas Gunadi, kai za ka ciyar da masu jiran madarar kwakwa?"

"Na ɗan lokaci ne. Kyamarata ba ta son girgiza."

"Shekara nawa kana ƙyas-ƙyas a kaina ban ce uffan ba? Yanzu ka auro mai tsoron kwakwa."

Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Gunadi ma ya dara, don ya san bakinta. Ya ce ta hau ta gani da idonta, in ba ta gamsu ba ya haƙura.

Da rana ta take, ciniki ya lafa, ta kashe inji ta hau tana goge hannu da gefen zani. Ya zaunar da ita, ya ce ko tari kada ta yi. Suka zuba wa kwamfuta ido, hoto na saukowa kaɗan-kaɗan kamar ana saƙa shi.

"Wannan ai katantanwa ta fi ta sauri," ta ce da raɗa.

Da ya kammala, Gunadi ya matso da fiffiken tsuntsu ɗaya har ya cika fuskar kwamfutar. Kowane ɗigon kakin da mai zanen ta ɗiga ya fito, har zaren auduga ana iya bi ɗaya-ɗaya. Bu Sulastri ta ƙura wa fiffiken ido. Can ta tashi ta sauka.

Washegari da azahar ya ji injin ya tsaya da kansa. Sai ga ta da ƙunshi a hammata. Tsohon zane ne, shuɗi da ruwan ƙasa, ninkinsa ya fara cinyewa.

"Na mahaifiyata ne, ita ta zana da hannunta. Asu na neman gamawa da shi. Amaryar taka za ta iya?"

Ya shimfiɗa shi a allo da kaffa-kaffa, ya daidaita fitilu. Da hoton ya fito, ta sa ya yi ta yawo da ita cikin furannin da ke hoton. Can ta ɗora yatsa a gilashin kwamfutar, inda wani layi ya kauce ya bar tabo.

"Tsaya nan! Ni ce wannan. Ina ƙarama na faɗo mata a baya tana riƙe da kaskon kaki. Ranar na sha rankwashi." Ta yi dariya har da ƙwalla. "Ashe ba ta gyara ba. Ta mayar da shi ganye, duba."

Tun daga ranar, tsakanin azahar da la'asar injin kwakwa yakan huta. Masu saye suka saba zuwa da wuri. Gunadi ya ɗauki zannuwan ƙungiya kaf a wannan tsakanin, ita kuma takan hau da soyayyiyar ayaba a faranti, ta zauna kusa da taga tana ba shi umarni. Labari ya zaga unguwa, tsofaffi suka fara fito da nasu zannuwan daga ƙasan akwati, Bu Sulastri ce ke tsara wa za ta hau yau, wa sai jibi.