Esansi a Bakin Mai Azumi

Motar da ta ɗauko Inna Dije daga Dogo-Dogo zuwa likitar Magaria, wato asibiti, ta mutu cikin yashi, rana tsaka, a watan azumi. Jibo direba ya duba buji, wato fulogi, wuta lafiya lau. Ya kwance karburato, ya tarar da shi a bushe. Datti ne ya toshe tiyon esansi, wato fetur, kuma ba dabara sai a zuƙa da baki.

Jibo ya waiwaya. Tsohuwa tana numfashi sama-sama a jikin ɗanta Sambo.

Ya yi bisimilla, ya zuƙa. Esansi ya zarce maƙogwaronsa kamar garwashi. Inji ya tashi.

Sambo ya ce, "Malam Jibo, azuminka fa?"

Jibo ya goge baki. "Shi ana rama shi. Riƙe ta da kyau."