Bokitin Tsoho Candelo

A garinmu kowane yaro ya san Tsoho Candelo. Ranar jajiberin Kirsimeti yake saukowa daga dutse da farin gemu da buhun alewa, ya zuba wa duk gidan da ya rataye sabon bokiti a ƙofa. Sabo fa. In tsoho ne ko kallonsa ba ya yi. Shi ya sa a gidana bokiti ya fi mutane yawa, har kaji na ƙwai a ciki.

Mijina Evaristo ne ke sa kayan Candelo, kuma ya ɗauki abin da zafi kamar shi ya haife shi. Wai tun kafin zuwan Turawan Sifen ake yi. Bokitin roba fa! Amma ban taɓa tankawa ba.

Bana muna suyar buñuelos, fanken garinmu, a harabar coci, Evaristo na zuba wa baƙi tarihi, sai Doña Eulalia, tsohuwar da 'ya'yanta ke da shagon kayan roba da na masarufi, ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai Evaristo, raba mu da ƙarya! Marigayi mijina ne ya ƙirƙiro shi. Ya saro bokitai mota guda suka ƙi sayuwa. Gemun ma abin goge ɗaki ne, ni na ɗinke shi."

"Doña, tsufa ne ya fara taɓa ki."

"Tsufa? To shinshina gemun ka ji."

Wallahi raina ya ɓaci. Ashe tun aurena shagon Eulalia nake yi wa bauta. Da jajiberi ya zo na ɗauko bokitin wankina mai tsatsa na rataye. Evaristo ya roƙe ni, ya yi fushi, ya ce Candelo ba ya karya doka ko don uwarsa. Na ce to mu zuba mu gani. Sai dai jikarmu Yesenia ta ji komai, ta zauna ƙarƙashin bokitin tun da rana, idanu jawur, ta ƙi cin abinci. Nan na so in sauko, girman kai ya hana ni.

Da la'asar ga Candelo nan, rabin gari na biye da shi. Ya iso ƙofarmu, ya dubi tsatsar, ya ɗaga kai ya wuce. Yesenia ba ta yi kuka ba. Murya ƙasa ƙasa ta ce masa, "Kaka, ba komai, na san aikinka ne."

Ya tsaya cak. Zufa na bin gemu. Sai ya dawo da baya, ya juye buhun gaba ɗaya a bokitin har alewa na zuba ƙasa, yaran sauran unguwa suka sa ihu.

Ya matso kusa da ni yana jan majina.

"Graciela, kin kashe ni. Maza je shagon Eulalia ki sayo wata alewar, saura gida arba'in."