Muryar da Aka Ara wa Ladigin

A garinmu Piter, can ƙasar Rasha, in ka tambayi tsohuwar da ke layin burodi wane ne Ladigin, sai ta dube ka kamar ka tambaye ta sunan uwarta. Babu wanda ya gama makaranta bai sha wuyar littafinsa ba. Shi ne tauraron labarin, malamin ƙauye ne, ɗan limamin coci, ga ilimi har wuya, amma ya ƙare littafi guda mai kaurin bulo yana son mace ɗaya bai iya buɗe baki ya faɗa mata ba. Muna yara haushinsa muke ji. Sai da aka yi fim ɗinsa zamanin Sobiyet, sannan ƙasar nan kaf ta haukace a kansa.

Fuskar da aka gani a fim ɗin ta wani ɗan Latbiya ce mai suna Imants, dogo, mai idanun maraya. Kyau kam Allah ya ba shi, amma in ya yi Rashanci sai ka ce tsakuwa yake taunawa. Don haka aka yi abin da aka saba yi. Aka kira Yefim Kondratyevich, wani gajeren ɗan wasa mai sanƙo da ba a taɓa ba shi babban matsayi ba, aka shigar da shi ɗaki mai duhu, aka haska masa bakin Imants a bango, ya yi ta ɗora muryarsa a kan leɓen wani har fim ya ƙare. Da aka jera sunaye a ƙarshe, har na mai riƙe doki an saka, nasa babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A makon da ya yi aikin, mura yake fama da ita. Kafin kowace magana sai ya ja numfashi, ya riƙe, kamar zai faɗi wani abu mai nauyi, sannan ya saki wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Darakta ya ce a bar shi haka. To, wannan jan numfashin shi ya zame wa sinima annoba. Shekara da shekaru duk jarumin da ya fito, soja ne, ɗan sanda ne, direban tarakta ne, sai ya ja numfashi ya riƙe kafin ya ce a miƙo masa gishiri. Yefim ya rantse ya ji abin har a bakin wani Bajapane. Matarsa Antonina, wadda yake kira Tonya, ita kuma take kiransa Fima, tela ce mai ɗinka kayan 'yan wasa, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Da ta ji wani ya ja numfashi a talabijin sai ta jefa masa silifa.

"Ɓarawo! Fima, zo ka ga wani ya sake sa rigarka, ko wanki bai yi mata ba."

Shi dai dariya yake yi. Bai taɓa damuwa da rashin suna ba, tunda akwai mutum ɗaya a duniya da ta san muryar ta wane ce, kuma kullum tana zaune gabansa tana shan shayi da jam.

Tsufa bai zo musu da ladabi ba. Taba ta ci maƙogwaron Yefim, likitoci suka yanke abin da za su yanke, suka bar masa rami a wuya wanda yake rufewa da gyale. Suka ba shi wata na'ura kamar tocila, in ya danna ta a ƙasan haɓa sai magana ta fito kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Bai gama sabawa da wannan ba sai hankalin Tonya ya fara zuba. Ta manta hanyar kanti, ta manta inda ake ajiye sukari, wata safiya kuma ta shigo kicin ta same shi yana dama mata kunun alkama, ta ja rigarta ta rufe ƙirji.

"Malam, wa ya buɗe maka? In famfo ka zo gyarawa, yana banɗaki."

Ya ɗauko na'ura ya ce mata shi ne Fima. Ta toshe kunnuwa ta ƙwalla ihu har maƙwabta suka buga bango.

Tun daga ranar ya zama mai gyaran famfo a gidansa. Ran da take cikin raha ta ba shi shayi, ran da abin ya motsa ta kulle kanta a ɗaki ta ƙi cin duk abin da hannunsa ya taɓa. Amma duk ranar hutun da aka sa tsohon fim ɗin, da zarar Ladigin ya ja numfashi, sai fuskarta ta washe. Ta matsa kusa da gilashin talabijin, ta shafa kumatun Imants.

"Ga Fima nan. Dubi yadda ya rame, ba sa ba shi abinci a wurin aikin nan."

Yefim yana tsaye a bayanta da faranti a hannu. Bai taɓa jin kishin ɗan Latbiyan nan ba lokacin da mata ke aika masa furanni buhu-buhu. Yanzu da mutumin ya daɗe a kabari, ya tsane shi tsana mai ɗaci.

Da hunturu ya kama, Tonya ta fice da silifa cikin dusar ƙanƙara neman mijinta, sai a tashar jirgin ƙasa aka tsinto ta, yatsun ƙafarta sun yi fari. Washegari 'yarsu Rimma ta zo, ko hularta ba ta cire ba.

"Baba, na samo mata wuri a gidan tsofaffi, can bayan gari. Ranar Litinin za mu tafi."

Ya danna na'ura. "Ina kula da ita."

"Kana kula da ita, ita kuma tana gudun ka. Ni fa ba dutse ba ce. Da ta san ka, ko sau ɗaya ta dube ka ta ce Fima, na rantse da na bar ta. Amma tsoronka take ji, Baba. Kai take gudu ta je neman ka. So kake sai an kawo mana ita a daskare kamar kifi?"

Gaskiya ta faɗa. Ya zauna ya daɗe yana kallon talabijin a kashe. Can ya sake ɗaukar na'urar.

"Ki ara mini ƙaramar rikodarki."

"Waƙa za ka yi mata?"

"Ke dai kawo."

Yana da sautin fim ɗin a kaset tun tuni. Ya zaɓi wurin da babu kiɗa, inda Ladigin ya je gidan matar da niyyar faɗa mata komai, ya ɓige da zancen tuffa. Ya shiga banɗaki ya tsaya gaban madubi, ya sa rikodar a aljihun ciki na kwat ɗinsa, ya rufe da gyale, ya danna. Murya ta fito daga ƙirjinsa, tasa ta dā, mai zurfi da ɗumi, sai da ya dafa bango. Rayuwarsa duka ya yi ta yana bin leɓen wasu da murya. Yau ga shi da tsufa zai bi muryarsa da leɓe, kuma abin mamaki, ya fi wuya. Bakin ya yi sanyi, haƙoran roba suna zamewa. Ya yi ta maimaitawa har kwanakin suka ƙare, yana fitowa ne kawai in zai ɗora tukunya. Da Tonya ta ji motsi a banɗaki sai ta ce mai gyaran famfon nan akwai naci, amma har yanzu famfo na ɗiga.

Ranar Litinin da hantsi Rimma ta iso, ta bar motar haya tana jira a ƙasa. Ta ga mahaifinta ya yi aski, ya sa kwat ɗin da ya sa ranar aurenta. Ta jingina da ƙofar kicin.

Tonya na zaune bakin taga tana juya cokali a kofi. Yefim ya tsaya gabanta inda haske ke faɗa wa fuskarsa. Ya sa hannu a ƙirji kamar mai gaisuwa, ya danna.

Numfashi ya ja, ya tsaya. Kafaɗunsa suka ɗaga tare da shi.

"Na zo ne... in ce miki tuffa sun nuna a lambun makaranta. Yara duk sun kakkaɓe. Na ɓoye miki uku."

Cokali ya tsaya. Tonya ta ɗago kai a hankali ta kafa wa bakinsa ido, irin kallon da take yi wa ɗinki in tana neman inda zare ya kauce. Bai kauce ba. Ko harafi ɗaya bai riga ba, bai makara ba, aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa ke nan. Rimma ta toshe bakinta da hula. Idanun Tonya suka kawo ruwa, shi kuwa zuciyarsa na dukan rikodar har yana tsoron za a ji. Da maganar ta ƙare ya kashe, ya tsaya yana jira.

Sai ta tafa hannu sau biyu, a hankali.

"Kai! Lallai ka iya. Duk cikinsu babu wanda ya kai ka kusa." Ta share ido da bayan hannu, fuskar ta ɗaure. "Amma ba ka jin kunya, Malam? Yara su yi, kai ma da sanƙonka ka yi? Kowa ya tashi neman suna sai ya saci muryar mijina. Ku bar masa abinsa mana, ita kaɗai gare shi."

Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. Ya sake nunawa, da ƙarfi, har rikodar ta yi ƙara.

"Na gani, na gani," in ji ta. "Kwat ɗin ma irin nasa ka samo."

Nan dabara ta ƙare masa. Ya fizgo na'urar daga aljihu ya danna a wuya, ya ce Tonya, ni ne, ni ne. Ƙudan zuman ya cika kicin. Ta zabura ta ture kofi, ta maƙale a jikin taga tana kiran Rimma ta fitar da mutumin nan. Rimma ta zo ta zare na'urar daga hannunsa ta ajiye a kan tebur, ba ta dube shi ba. Ta je ta ɗauko jaka da takalman ƙanƙara.

Shi ya durƙusa ya sa mata takalman, ta bar shi, don ta saba ma'aikata su yi mata hidima. Ya naɗa mata gyale biyu. Rimma ta yi gaba da jaka tana saukar bene da sauri, kamar wadda ake kora.

A bakin ƙofa Tonya ta tsaya. Ta leƙa ta ga 'yar ta yi nisa, sannan ta kama hannun rigarsa ta jawo shi kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Bawan Allah, ka yafe mini faɗan da na yi maka. Yadda ka haddace shi haka, na san ka san inda yake zuwa. Don Allah in ka gan shi, ka ce masa sun tafi da ni. Ka ce na jira shi har na gaji, ba da son raina na tafi ba. Kada ya dawo ya tarar da gida babu kowa ya zaci guduwa na yi. Za ka faɗa masa?"

Yefim ya gyaɗa kai.

"Kada ka manta fa," in ji ta. Ta saki rigarsa, ta kama ƙarfen bene ta fara sauka.