Bencin Mutanen Gangare

Da ambaliya ta cinye majami'ar gangare, benci kawai aka tsamo daga cikin laka. Waɗanda suka tsira suka ɗauko su a ka, suka hauro wurinmu a tudu. Fasto ya ce daga yau ikilisiya ɗaya ce. Faɗa da baki ai ba wuya.

Ni ce mai tsaron ƙofa, ni ke zaunar da mutane, kuma kowa ya san haƙurina gajere ne. Mutanen nan kuwa sun kai ni bango. Bencin da zai ɗauki iyali guda, sai ka ga mutum nan, gibi nan, namu na tsaye kamar masu jiran mota. In na ce "ku matsa," sai su zuba mini ido kawai. Matanmu suka fara gunaguni, wai daga zuwa baƙo yana ƙyamar masu gida. Dattawa suka ce to a raba sujada, baƙin su yi tasu da yamma. Mutanen gangare suka ji, suka fara zancen tafiya. Ina za su, bayan ruwa ya share musu wuri?

Waƙarsu ma ba ta barina in sake. Ana tsakiyar baiti sai su yi tsit gaba ɗaya, kamar suna ba wani hanya, sannan su ɗora. A shirun nan tsigar jikina tashi take yi. Shatin laka kuma ya ƙi fita daga ƙafafun bencin, duk wankin da na yi.

Ranar Lahadin da za a yanke magana, na nufi wata tsohuwa mai raunin ido da ke bakin bencin gaba.

"Iya, ki ɗan matsa mana. Ga mai ciki a tsaye."

"Ba wurina ba ne, 'yata. Na maigidan ne."

"To ina yake?"

"Ruwa bai dawo da shi ba."

Na dubi gibin. Katakon ya ɗan lotsa, ya yi sulɓi, daidai zaman mutum. Na ɗaga kai na bi sauran bencin da kallo. Ga gibi babba, ga ƙarami a gefen wata uwa da ta ɗora tafinta a kan katako. Ashe ɗakin a cike yake tun tuni. Tsoro ya kama ni.

"Shi ke raɗa mini baiti kafin a rera," in ji Iya. "Tun ranar ban yi waƙa ba. Kin iya karatu?"

Na ba mai cikin kujerata ta bakin ƙofa, na dawo na zauna. Wurin da sanyi, kuma ya fi ni faɗi. Na buɗe littafin waƙa, na raɗa mata layin farko. Ta rera. Da aka zo inda suke yin shiru, wani birkila namu da ke tsaye a baya ya cike wurin da muryarsa mai kauri. Wata mata daga gangare ta fashe da kuka, ta jawo hannun rigarsa ta zaunar da shi kusa da ita. Uwar nan ta ɗauke tafinta, ta miƙa hannu aka ba ta jaririn wata.

Dattawa ba su ƙara tayar da zancen rabawa ba.

Iya ta ce na fi maigidan sauri, amma zan koya. Na koya kuwa, har fiye da yadda na so. Kwanan nan ana shirin cewa Amin na yi gyaran murya, sai na ga mutanen gangare sun waiwayo gaba ɗaya. Ashe haka maigidan Iya yake yi, ni kuwa ban taɓa ganin mutumin nan ba.

Iya ta dafa gwiwata ba tare da ta juyo ba.

"Ka makara, Malam," ta ce a hankali. "Wane baiti muke?"

Na raɗa mata.