Kaset ɗin Kawu Tanimu a Tafin Hannuna

Daren jiya na yi mafarki, kuma kaset ɗin Kawu Tanimu ne ya ja ni cikinsa.

Ina da ƙaramin kamfanin faifai a Kakuri, ɗaki ɗaya da fanka, ni ce shugaba, ni ce mai shara. Aikina tono tsohon kiɗan rawa mai gudun tsiya, irin wanda ma'aikatan masaƙa suke tsalle a kansa shekara talatin da suka wuce: ganga kamar an biyo ta da bulala, ga jiniya, ga muryar mace da aka ƙara wa sauri har ta koma ta tsuntsu. Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyata, shi ya haɗa wanda ya fi kowanne, da ƙarar injinan saƙa da ya naɗa da hannunsa. Kaset ɗaya ya rage, zarensa ya manne don tsufa. Kunnen Kawu kuma kullum ƙara toshewa yake. Na yi masa alkawari zai ji kiɗansa kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya. An yi mini dariya a gida, an yi mini a waje. Ban fasa ba.

A mafarkin rana tsaka ce, ruwan sama yana tasowa daga ƙasa yana komawa gajimare. Mutane sun kifa lemominsu suna takawa a kai. Na shiga wani ofishi da aka rubuta wa Hukumar Kula da Gudun Abubuwa. Talo-talo ne a kan kujera, da tabarau da farin hankici. Ya karɓi kaset ɗin ya kara a wuyansa kamar likita.

"Malama, wannan bugu ɗari da sittin yake yi a minti ɗaya."

"Da biyar, yallaɓai," na ce.

"A garin nan ba a wuce tafiyar saniya mai ciki. Ki bari mu rage masa gudu, yanzu in buga miki hatimi, a sa shi a kowace tasha."

"Kawuna bai haɗa shi don masu gyangyaɗi ba."

Bai yi fushi ba. Ya jiƙa hatimi ya buga mini a goshi. Na duba a gilashin taga, an rubuta TA ƘI.

"Da wannan kowace ƙofa za ta buɗe miki," in ji shi. "Waɗanda suka yarda kuwa sai su jira a benci." Na waiga, bencin cike yake, wasu har sun yi gemu.

Sai ga ni a gidan burodi. Mai wurin, wata dattijuwa da ake kira Mama Laraba, tana zaro burodi daga cikin ƙanƙara yana tururi. Na gaya mata abin da ko a farke gaskiya ne: zaren kaset da ya manne sai an gasa shi a ɗumi kaɗan, awa takwas, kafin ya saki.

"Murhunmu sanyi yake yi, 'yar nan," ta ce. "Ɗumin da ke garin nan duka, na tafin hannu ne. Rufe shi a naki. In kika buɗe ko da na atishawa ne, an koma farko."

Na rufe kaset ɗin tsakanin tafukana, na tsaya a tsakar gida. Ruwan yana tasowa yana dukan haɓata.

Awoyin da ƙafarsu suka zo, a layi. Ta ɗaya ta gaishe ni ta wuce. Ta biyu ta tambaye ni hanyar tasha. Ta uku ta kawo ƙaiƙayi ta ajiye mini a kan hanci, ta ce za ta dawo ta ɗauka, ba ta dawo ba. Ta biyar da fuskar gwaggona ta zo.

"Suwaiba, har yanzu kina nan? Digiri guda, ki ƙare a rungumar tsohon kaset? Ƙawayenki fa suna can ofis da sanyin esi."

"Allah Ya ƙara musu sanyi, Gwaggo."

"Miƙo hannu mu gaisa mana."

"Na gaishe ki da baki."

Ta yi tsaki ta shige cikin bango. Ta bakwai hawa kafaɗata ta yi ta zauna, nauyinta kamar buhun masara. Na gyara tsayuwa, ban buɗe hannu ba. Da ta takwas ta iso, Mama Laraba ta shinshina hannuna ta ce ya nuna. Na buɗe. Kaset ɗin ya ɗan kumbura kamar burodi, yana numfashi a hankali.

Sai ga ni a cikin tsohuwar masaƙa, injuna jere ƙarƙashin ƙura. Kawu Tanimu yana zaune a kan ƙunshin auduga da rigarsa ta aiki. Kunnuwansa biyu suna rataye a ƙusa a jikin bango, kamar makullai.

"Kawu, mayar da su mana. Na kawo."

Ya karanta bakina ya girgiza kai. "Sun yi ritaya da safen nan, Suwaiba. Na roƙe su, sun ce sun yi wa masaƙa shekara ashirin, ya isa."

Awa takwas na tsaya, kuma na makara. Ban yi kuka ba, don a garin hawaye sama yake yi, ba na so ya gani. Babu rediyo a wurin. Na zura biro a ramin kaset ɗin na juya, zaren ya fito sumul, na ɗaura shi a injin saƙa mafi kusa, na danna.

Injin ya tashi, wanda ke kusa da shi ya tashi, duk layin ya tashi. Babu ƙara ko ta sauro. Siminti ne kawai ya soma bugawa a ƙarƙashinmu.

Kawu ya dubi ƙasa. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya jera su gefe, ya dafa tafin ƙafarsa a kan simintin. Ya daɗe a haka.

"Ga ta nan," ya ce. "Jiniyar ta shigo ta diddige." Ya ɗaga yatsa yana ƙirgawa. "Ba ki bari sun rage masa gudu ba?"

"Ko bugu ɗaya."

"'Yar gidana."

Ya miƙe. Tsoho mai ciwon baya ya soma tsalle, ƙura tana tashi, kunnuwan da ke jikin ƙusa suna kaɗawa su ma. Bugun ya hau ƙafata, ya bi bayana, yana ƙara ƙarfi.

Na farka. Ashe injin markaɗen maƙwabciyarmu ne. A ƙasa nake shimfiɗa katifata, kuma bayana ya riga kunnena jin sa. Kaset ɗin yana kan tebur cikin ledarsa, ba a gasa shi ba tukuna, yau ne aikin. Na jawo waya. Kawu ba ya jin kira yanzu, sai saƙo. Na rubuta masa: "Kawu, ranar Asabar ka zo. Zan kwantar da lasifika a ƙasa. Takalmi a bakin ƙofa."